Watan da Na'ura Ta Ce Mai Guga Ba Ta Zo Aiki Ba

Faɗan farko da Mai Guga ta yi a kan na'urar dangwale, kaye ta sha, kuma a gaban jama'a. An kafa na'urar ne a ƙofar ma'aikatan otal: ka dangwala yatsa in ka shigo, ka dangwala in za ka fita. Ita kuwa sammako ne ciwonta tun tana budurwa, kafin mai gadi ya gama hamma ta iso. Da wata ya ƙare sai ta nufi ofis tana taku ɗai-ɗai, wai ta zo karɓar ladan sammako.

"Inna, ai ba haka na'urar take yi ba," in ji akawun albashi, wata siririya mai tabarau. "Kwanduna gare ta. Awannin da aka tsara miki suna faɗawa kwandon aikin kullum. Wanda kika ƙara da izinin shugaba, kwandon ƙarin lokaci, shi ya fi tsoka. Ranar hutu ma da nata."

"To sammakona fa, 'yar nan?"

"Yana kwandon ba-wanda-ya-aike-ki."

Masu shara da ke leƙe ta taga suka kwashe da dariya. Mai Guga ta gyara ɗankwali, ta ce dama ita don lafiyar ƙafa take fitowa da wuri.

Kada ku ga ta sha kaye ku raina ta. Matar nan ta goge zannuwan gadon da in aka shimfiɗa su za su lulluɓe gari. Ɗakin aikinta na ƙasan bene, tururi kamar an buɗe tukunya, ga warin sabulu, ga fanka da ke juyawa don kunya kawai. Da guga ta aurar da 'ya'ya mata, ta kai auta makarantar koyon jinya. A gida kuma akwai maigida, tsohon direba mai hawan jini, wanda aikinsa yanzu gyara wa masu labarai magana a rediyo. Takan ce don gashin bakinsa ta aure shi, kuma Allah ya amsa, shi kaɗai ya rage. Amma katin asibitin da otal ke ba cikakkun ma'aikata da iyalinsu, wanda da shi ake karɓo masa magani, a cikin rigarta yake kwana.

Sai abokiyar aikinta mai wanki ta dawo daga jego, ba mai riƙe mata jariri da yamma. Mai Guga ta ce su yi musaya: mai jego ta ɗauki safiya, ita ta ɗauki yamma. Suka gaya wa shugaban sashe, yana waya a kunne ya gyaɗa kai. A ganinsu magana ta ƙare.

Na'ura kuwa ba ta ga gyaɗa kai ba. Kowace safiya ta rubuta wa Mai Guga fashi, aikin yamma kuma ta watsa shi cikin ƙarin lokacin da ba izini. Kwandon aikin kullum ya zama wayam. Doka kuma ta ce wanda nasa ya gaza, a mayar da shi ɗan wucin gadi, a karɓe kati.

Akawu ce ta sauko da kanta, tabarau duk tururi. "Inna, da gyara. Akwai gurbin musaya a cikin na'urar. Shugaba ya danna amincewa kawai, awanninku su koma inda suka dace, ke da mai jego."

Ashe dannawar ce aiki. Shugaba ya san in ya danna, manaja zai tambayi inda hankalinsa yake wata guda. Mai Guga ta same shi a ofis, yana zaune yana karkaɗa makullai a kan tumbi.

"Yallabai, kai fa ka gyaɗa mana kai."

"Baba, ni kaina kullum a gyaɗe yake. Wuya ke damuna."

"Allah ya sawwaƙe. To danna, yatsa ai lafiyarsa lau."

"Ba zan saɓa wa na'ura ba. Ta ce ba ki zo ba, kuma ba ta ƙarya."

Amsar da ta ba shi, wadda ta sa ya jawo kwamfuta ya danna ba tare da ya ƙara tari ba, har yau masu wanki na maimaita ta in injin wanki ya yi shiru. Ta ɗora tarin zannuwa masu ɗumi a kan teburinsa, ta ce:

"Shi ke nan, ban zo ba. Aljani ne ya goge waɗannan. Sai ka hau sama ka gaya wa manaja wata guda baƙinsa na kwana a kan gugar aljani, ni kuma in biyo ka da maigidana da gashin bakinsa, ka nuna masa wanda zai riƙa sayo masa magani."