Waƙar Baba a Cikin Gem ɗin Ƙwallo

Abin da ya rage mana na muryar Baba bayan rasuwarsa minti uku ne a memori. Ƙanwata ce ta ɗauka da wayarta ba da saninsa ba, yana ɗinkin raga a ƙofar gidanmu na Kaoje yana waƙarsa ta masunta. Wayar ta daɗe da mutuwa. Ni aka miƙa wa memorin, wai ni ne mai shagon kwamfuta a Bagudo, ajiyata ta fi tsaro.

A lokacin ni da wani abokina mun haukace a kan wani tsohon gem na ƙwallo da ya sayo a kasuwar Dole Kaina ta bakin iyaka, komai nasa Faransanci. Muka ce sai mun mayar da shi namu. Shi ya canza sunayen kulob, har ƙungiyar garin Matsinkai ta koma tana karawa da Kaoje. Ni na ɗauki ɓangaren kiɗa, na ce waƙar Baba ce za ta riƙa tarbar duk wanda ya kunna.

Gem ɗin akwai tsirfa. Ba ya karɓar sauti sai an juya shi zuwa irin nasa, an matse, kuma kada ya kai minti ɗaya. Dole ne ƙarshen ya haɗe da farko ba a ji gaɓa ba, don waƙar zagayawa take yi. Yini biyu ina yanka. Na cire kukan kaji, na cire luguden maƙwabta. A ƙarshe Baba ya yi tari ya faɗi wata magana, na ce wannan ai hayaniya ce, na datse. Da na zo ajiyewa, kwamfuta ta tambaya ko ta maye gurbin tsohon. Na danna "eh" ko dubawa ban yi ba, ga shi a kan memorin nake aikin, ban kwafa ba. Ni da kullum nake yi wa mutane faɗa a kan haka!

Da na farga, babu dabarar da ban gwada ba, tsohon sautin bai dawo ba. Na ɓoye wa 'yan gida maganar, ina lallashin kaina cewa ai zuciyar waƙar tana nan.

Wata ranar kasuwa Inna, mahaifiyarmu, ta kawo shinkafa, ta biyo ta shago. Na shimfiɗa mata tabarma na kunna gem ɗin. Muryar ta fito siririya kamar ta rediyo mai raunin batir, amma shi ne. Ta sunkuyar da kai tana saurare. Waƙar ta zagayo sau ɗaya, sau biyu. A na uku ta ɗago.

"Mi yas sa ba ya kaiwa ƙarshe? Ina wurin da yac ce, 'Ke, ba ni ruwa'?"

Kunya ta rufe ni. Na faɗa mata gaskiya, cewa na yanke, kuma babu wani kwafi.

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ɗan jima tana kallon 'yan ƙwallon da ke tsaye a allo, sannan ta gyara mayafinta.

"Waƙag ga kowa yaka yi ma ita, har kifi," in ji ta. "Kiran nan kau ni ɗai yaka yi ma."