Rariyar Gidan Yaya Isiyaku

Shekara tara ke nan da muka rasa yayana, Malam Isiyaku, wanda mutanen Birnin Kudu suka fi sani da Malam Duba-Rariya. Bai taɓa son sunan nan ba, amma sai da ya raka shi har makabarta. Da kunnena na ji wani a wajen zaman makoki yana tambayar wane Isiyakun, da aka ce masa Duba-Rariya sai ya hau salati.

Malamin gona ne. Da ya yi ritaya, maimakon ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida kamar sa'o'insa, sai ya ɗora wa kansa aikin da babu wanda ya sa shi, babu kuma mai biyansa, wato koya wa matan aure shuka kayan miya a tsakar gida. Darasin nasa gajere ne. Duk inda mutanen gida ke tsugunawa su yi alwala, a kafce wurin, a zuba takin awaki, a shuka alayyahu da yakuwa da kuɓewa, a kafa zogale a kusurwa. Ya ce ruwan da ake zubarwa a kowace salla ya ishi miyar gida ko da rani. Ruwan omo ne kawai ya hana.

Sai dai shi namiji ne, ba ya shiga gidan matan aure. Ni ƙanwarsa na zama ƙafarsa da idonsa. Yakan goyo ni a tsohon babur ɗinsa har Wurno, wani lokacin mu nausa Gwaram da Sara. Ya zauna a zaure da maigida, ni in shige da iri ƙulle a bakin mayafina. Duk lambunan da ya raya, bai taɓa ganin ko ɗaya da idonsa ba in ban da na gidansa.

Shi ya sa ya koma duba rariya, kafar nan ta gindin katanga da ruwan gida ke bi ya fita lungu. In ya ga tana zuba, ya san an ji maganarsa an watsar. In ya same ta a bushe, sai fuskarsa ta washe. Yakan ce mini, "Hadiza, rariyar nan ta bushe. Ko dai sun shuka, ko ba sa salla. Shiga ki gano mana." Tasa kuwa, ta gidansa, da hannunsa ya cuɗa laka ya toshe ta.

Yau ina yawan tambayar kaina me zai ce da zai dawo ya bi lungunan nan. Kowa ya ɗan samu sarari sai ya malale tsakar gida da siminti, wasu har da tayil, ba a bar ƙasar da za a dasa ko albasa ɗaya ba. Da ranin bara na je suna Sara, na bi layin da muka fi wahala a kansa, sai tsallake-tsallaken ruwan kwata nake yi. A cikin gidan sunan kuwa mata na ta kukan tsadar kayan miya, an aiki yara kasuwa sayen yakuwa. Yakuwa fa, wadda da muke roƙon maƙwabta su zo su ɗiba. Na san ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Zai bi rariyoyin da kallo ne yana shafa gemu, kuma kallon nan nasa ya fi faɗa ciwo.

Abin da ya rage mini shi ne tsakar gidansa. Matarsa ta bi shi bayan shekara biyu, gidan ya koma hannun babban ɗansa Auwalu. Yaron kirki ne, ban da abin faɗa a kansa. Da na ji zai yi gyara, na tashi takanas daga Gwaram inda nake aure na same shi. Na ce, "Auwalu, ka yi simintinka, amma ka bar mini wurin alwalar babanka, ko da faɗin tabarma ne." Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Gwaggo, in sha Allahu." Ya ƙara da cewa yara na shan zamewa a taɓo da damina, matarsa kuma ta gaji da sharar ganye. Ban musa masa ba, gaskiya ya faɗa.

In za a auna abin da ya saura na Yaya Isiyaku, ba shi da yawa. Akwai wata tsohuwa a Wurno da har yanzu take cin kuɓewar irinsa, jikokinta ba su san sunansa ba. Akwai ni, da gwiwa ta hana ni tsuguno, ina alwala a kan kujera, ruwan na sauka cikin fasasshiyar roba mai alayyahu. Mu biyun duk mun tsufa, kuma ban ga wanda ke tahowa a bayanmu ba. Wannan yana ci mini rai. Allah ya jiƙansa, ya sa ladan kowace tukunyar miya ya kai gare shi.

Makon jiya na je Birnin Kudu don mu yi masa addu'a a gidansa. Na sauka daga babur a bakin lungu, ina tafe ina raya wa kaina cewa Auwalu ya cika alkawari. Ban kai zaure ba idona ya sauka a gindin katanga, don sabo. An fasa lakar, an zura farin bututun roba a wurin. Ana ta kiran sallar azahar, ruwan alwala na fitowa ta ciki yana bin lungu.

Na daɗe a tsaye ina kallonsa. Daga baya na tattare zanena na tsallake.