Ado Bakanike da batirin da aka ce ina sha

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Ado Bakanike na Apo, kuma har yau in na ji babur yana tari da safe ya ƙi tashi, sai na tsaya na saurara kamar akwai wanda zan kai wa labari. Ni ba bakanike ba ne. Yohanna sunana, aikin buga takardu na yi a wata ma'aikatar gwamnati har na yi ritaya, ban taɓa mallakar ko keke mai kyau ba. Amma babur ne ya haɗa ni da Ado, baburin da ko hawansa ban taɓa yi ba.

Lokacin soja bai daɗe da komawa bariki ba. An ƙara albashi, kuɗi na yawo, sababbin babura masu araha sun cika gari, kowa ya ga dama ya saya. Ina haya da iyalina a gidan wani Alhaji Mamman, Bakatsine mai sayar da taya a Apo. Shi ma ya sayi nasa, irin mai sitata, wanda ake danna maɓalli ya tashi ba sai an buga kiki ba. Ya sa masa hon na babbar mota, ya ƙara masa fitilu, yana ji da shi sosai. A wata rumfa yake kwana, daidai ƙarƙashin tagar ɗakina.

Da damina ta yi nisa, safiya ta fara sanyi, sai babur ya soma gardama. Alhaji zai danna, ya danna, sitata ta yi gurnani har muryarta ta shaƙe, ƙarshe sai an tura. Aka ce batir ne, ya saya sabo. Bai jima ba shi ma ya mutu. To ni kuma ina da wata 'yar talabijin da nake haɗawa da tsohon batirin mota in an ɗauke wuta, kuma kullum a ɗauke take. Ban san bakin wa ya fara ba, sai dai na wayi gari magana ta zagaye gida: wai Yohanna na zura waya ta taga yana shanye cajin babur. Hajiya, matar Alhaji, ta daina amsa gaisuwar matata da sakin fuska. 'Yata Rifkatu ta dawo daga wasa tana kuka, an kira ta 'yar ɓarawon caji. Sai Alhaji ya tare ni a tsakar gida, gaban kowa, ya ce in nemi wani wuri kafin ƙarshen wata. Na rantse har na gaji. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro ya kama ni, don barin gida abu ne mai sauƙi a kan barinsa da sunan ɓarawo.

Ni na je Apo da ƙafata na nemi bakaniken da aka fi yabo, aka nuna mini wani Bazazzagi siriri, marar fara'a, zaune a kan tsohuwar taya. Na zayyana masa komai, ina jiran ya ce Allah sarki. Bai ce ba. Tambaya ɗaya ya yi, ko da rana ma baburin na gardama. Na ce a'a, da safe ne. Ya ce to kada kowa ya taɓa shi gobe sai ya iso.

Wannan ɗabi'a tasa ce na zo na sani daga baya. Ado ba ya duba ciwon safe da rana. In ka turo masa babur ya yi zafi ka ce ba ya tashi da safe, zai ce ka koma da shi, shi zai biyo ka gida bayan sallar asuba. Abokan sana'arsa suna yi masa tsiya, suna ce masa likitan ƙauye, yana asarar ciniki yana yawon gidajen mutane. Ko a jikinsa.

Ya iso gari bai gama wayewa ba, ana yayyafi. Ya dafa injin da bayan hannu ya tabbatar da sanyi yake. Ya ja cok, ɗan hannun da ke ƙara wa inji mai, ya mayar, ya sake ja, yana kallon gefen kafireta. Sai ya kira Alhaji ya nuna masa: wayar cok ta tsinke daga ciki, hannun yana motsi amma ba abin da yake ja. Injin mai sanyi yana son mai da ɗan yawa kafin ya kama, shi kuwa ba ya samu, shi ya sa ake ta wahalar da sitata. Na ji sanyi a raina, na ɗauka an gama. Alhaji ya ce wannan daban, batirin fa, wa ke shanye shi?

Ado bai kalle ni ba. Ya ciro wani batir daga jakarsa, da ƙwan fitila mai wayoyi biyu. Ya taɓa, ƙwan ya haska fari tas, kowa ya gani. Ya ɗaura wa babur batirin ya ce, "Alhaji, ka yi yawonka yadda ka saba. Da yamma kada ka shiga da shi gida, a ƙofa zan jira ka."

Wunin nan ban buga takardar kirki a ofis ba. Da la'asar sakaliya na tarar da Ado a ƙofar gida, 'yan haya sun fara taruwa. Alhaji ya iso, ya ga jama'a, ya ce a shiga daga ciki a duba. Ado ya ce, "A'a, ranka ya daɗe. A gaban mutane aka faɗa, a gabansu za a gwada. Riƙe ƙwan da hannunka." Alhaji ya riƙe. Ado ya taɓa wayoyin, ƙwan ya yi ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Ya buga kiki, ya murɗa totur, injin na ihu, hasken bai ƙaru ba. Ya ɗaga kujera ya zaro wani ɗan ƙarfe baƙi mai haƙarƙari, ya ce sunansa rektifaya, shi ke mayar wa batir abin da aka ci. Soket ɗinsa ya narke, har ƙauri yake. Ya ce, "Tun safe kake ci da hon da fitila da sitata, ba abin da ke komawa. Ba caji batirin yake dawowa gida. Me Oga Yohanna zai sata a ciki?"

Alhaji bai ba ni haƙuri da baki ba, ba halinsa ba ne. Ya dai juya ya ce wa Hajiya wa ya ce a bar Maman Rifkatu tana shanya a waje alhali ga igiya a ciki. Maganar tashi ba a sake yin ta ba. A gidan nan Rifkatu ta girma, daga nan aka ɗauke ta zuwa coci ranar aurenta, Hajiya ce ta raka ta har bakin mota tana share hawaye.

Ina yawan tunanin abin da Ado zai ce da ya ga yau. Acaba an kore shi daga tsakiyar gari tun yana raye, ya ga wannan. Amma bai ga babur mai amfani da lantarki zalla ba, wanda ba shi da cok ba shi da kafireta, yana wucewa shiru kamar kyanwa. Ina jin da sai ya bi mai shi har gida da asuba don ya ga yadda yake tashi. Bai ga masu gyara suna ɗora waya a kan tanki suna kallon bidiyo suna kwance inji ba. Ban tabbata zai raina su ba, don mutum ne mai son sanin abu, da ya samu mitar awon wuta mai allura ma wuni ya yi yana gwada duk batirin da ke garejin. Abin da na san ba zai jure ba shi ne saurin da ake yi yanzu: canza batir, canza fulogi, canza koyil, har a dace. Ko zai iya rayuwa da sana'ar a haka, yana bin gidaje da sassafe a wannan tsadar mai? Ban sani ba.

Mun yi abota ta shekaru bayan nan. Ran Asabar nakan je garejinsa in zauna, yana aiki ina surutu. Wata rana na yi masa tambayar da ta daɗe tana cina. Na ce, ranar da na fara zuwa wurinka, ka ga alamar mai gaskiya a fuskata ne ka yarda ka zo? Na so ya ce e. Ya ci gaba da goge fulogi, ya ce, "Ina na san ka? Babur na zo dubawa. Da ƙwan nan ya haska da yamma ya mutu da safe, wallahi a gaban mutanen nan zan ce kai ne."

Na ji haushi ranar, har na tafi ban yi masa sallama sosai ba. Sai bayan ya rasu, ina tsaye daga gefe ana yi masa salla, na ga Alhaji Mamman da tsufansa a sahun gaba, na gane abin da ya ba ni. Da tausayina ya ji, da Alhaji ya ce an haɗa baki, kuma da 'yata ta girma da wancan suna. An yarda da shi a kaina ne don kowa a ƙofar gidan nan ya san ba zai rufa mini asiri ba. Allah ya jiƙan Ado.