Dam ɗin Baba da amininsa

Shekarun baya, can wajen tsakiyar shekarun saba'in, mahaifina yana da wani amini Kirista, tsohon malamin makaranta a Wusasa. Malam muke ce masa. Mu muna cikin birni, a Limancin Kona, amma gonakinsu na maƙwabtaka a bayan ganuwa, wani ɗan rafi ya ratsa tsakani. Da suka yi ritaya sai suka sa aka tara ƙasa aka tare rafin, ya zama ɗan dam. Ba don noma suka yi shi ba. Tarwaɗa suka zuba, su je da yamma da tabarma da ƙugiya, su yi ta hira har rana ta yi sanyi. Ruwan ya kwanta a gonar Baba, tudun ƙasar da ya tare shi kuwa yana gonar Malam. In ka tambayi Baba na wane ne, sai ya ce na Malam ne. Malam kuma ya ce na Alhaji ne.

Wata damina mai yawan ruwa, ina sabon ma'aikaci, na raka Baba gonar, muka tarar bayan tudun ya jiƙe, jan ruwa na tsattsafowa ta ramin gafiya. Ni da nake ji da boko na ce a bar mini, buhun yashi zai toshe shi. Ina taka wurin ƙasar ta zurma da ni har gwiwa. Takalmina na ofis ƙafa ɗaya yana can har yau.

Abin ya wuce dariya, domin a gangare akwai masu noman rake da 'yan gidajensu. Suka kai kuka wurin mai unguwa, ya tara mu a bakin ruwan. Ya ce yana son sanin mai dam ɗin, don in ya ɓalle, mai shi ne zai tsaya gaban alƙali. Nan take Baba ya ce nasa ne, ai ruwan a gonarsa yake. Malam ya miƙe tsaye.

"Alhaji, ƙasar da ke yoyo a gonata take. Kada ka yi mini haka a gaban mutane."

Ban taɓa jin sun ɗaga wa juna murya ba sai ranar. Suna cikin haka wani dattijo cikin masu raken ya ce a yi masa afuwa, shi ko na wane ne bai dame shi ba, jikokinsa ne ke kwana a ɗakin da ruwan zai fara taɓawa. Nan su biyun suka bar gardamar.

Washegari aka zo da diga da shebur, aka yanka 'yar hanya a gefen tudun don ruwan ya sauka a hankali. Kifin aka raba wa mutanen gangare. A hanyarmu ta komawa, da muka shigo Ƙofar Kibo, Baba ya ce, kamar da kansa yake magana, "To yanzu ina za mu riƙa zama?"

A lokacin haushi na ji, ina ganin da an ƙara haƙuri da ya gyaru. Yanzu na wuce shekarun da suke a lokacin, abokan zamana sun ragu, na san abin da tsoho ke rasawa in wurin hirarsa ya tashi. Su ma sun sani sarai, kuma da hannunsu suka riƙe digar.