Ciyawar da ta ƙwace mini tulun sobiya

Shekarun baya can, tun Makka ba ta san firij ba, ni ce mai tulun sobiyar gidanmu a unguwar Misfala. Sobiya abin shanmu ne na azumi: a jiƙa sha'ir da busasshen burodi, a bari ya ɗan yi tsami, a tace tun kafin ya zarce ya haramta. Mahaifina ba ya buɗe baki da ta kowa sai tawa, ni kuwa har wani taku nake idan na ɗauko masa kofi.

Sai yayana ya auro wata yarinya da iyayenta suka iso ta hanyar Sudan. Ko kalmar Larabci ɗaya ba ta iya ba. Wata rana ta roƙi ragowar sha'irina ta jiƙa a kwatanniya. Da aka sha ruwa Baba ya kurɓa, ya sake kurɓa.

"Wa ya yi wannan?"

Ba tawa yake nufi ba. Na ɗanɗana a ɓoye: ƙamshi kamar lemun tsami, da ɗan ɗaci a ƙarshe mai kashe ƙishi. Wallahi ta fi tawa, kuma kishi ya hana ni cin abinci.

Na zuba mata ido har na gan ta a gindin dutsen bayan gida tana yankar wata ciyawa. Daɗi ya kama ni. Duk wanda aka haifa a Makka ya san ba a yankar tsiron Harami. Na tafi wurin Baba da fuskar tausayi.

"Baba, baƙuwa ce, ba ta sani ba, amma ciyawar Harami muke sha."

Aka kira ta. Ta durƙusa ta ce, "Baba, nobe ce, da ita muke ƙamshin ruwa a gida. Ban san laifi ba ne."

Baba ya murza ciyawar ya shinshina, ya tuntsire da dariya.

"Izhir ake ce mata da Larabci, ya binti, 'yata. Duk tsiron Harami ita ce aka yarda a yanka." Ya juyo gare ni. "Halas, magana ta ƙare, ki ba ta tulun. Ke da kika san gari sai ki riƙa raka ta dutse."

Haka na ƙare azumin nan ina riƙe mata kwando.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne ita ma ba ta san hukuncin ba, hancinta kawai ta bi ta dace. Mun tsufa tare, ina ƙaunarta, ta koya mini komai ba ta ɓoye ba. Amma har Baba ya rasu, in ya sha tawa sai ya ce, "Madalla." In ya sha tata kuwa, kofin kawai yake sake miƙawa.