Yadda Iya Ta Hutar da Mushe Sahabi

Sahabi ɗa ne ga Tahiru mai gyaran keke, haifaffen Filinge ne. Tun yana ƙarami burinsa ya zama direban motar Yamai. Amma ranar da aka ba shi sitiyari ya gwada, sai ya bi ta kan tukwanen wata mata guda goma sha ɗaya, bai bar ko ɗaya ba. Mahaifinsa ya ce tunda Allah ya hore masa murya, ya je ya koyar da yara, su ba sa fashewa. Haka ya zama Mushe Sahabi, kamar yadda ake kiran kowane malamin lakkwal, wato makarantar boko, a ƙasar, ya kuwa yi shekara ashirin da biyu yana shaƙar alli a ƙauyukan Kurfai.

Lakkwal ɗin da yake koyarwa yanzu tana wani ƙauye a kan hanyar Bonkuku. Su uku ne malaman: diraktar Abdulgafar, da Madam Balkisa, da shi. Nasa ajin na zana ne, yara saba'in da huɗu, ban da wata akuya da ke zuwa kowace safiya tana cin bangon ajin daga waje.

In an koma karatu a Oktoba, Sahabi abin kallo ne. Riga a goge, takalmi na sheƙi, muryarsa har bakin rijiya. Amma in bazara ta kai Mayu, sai ka rantse wani ne aka musanya. Murya ta dushe, wuyan riga ya saki, sunan Mushe ya fara karkata zuwa ɗaya ma'anar tasa. A bana abin ya wuce na kullum. Wata Talata ya juya zai rubuta kwanan wata a tabulo, wato allon aji, ya ɗan jingina goshinsa, barci ya ɗauke shi a tsaye. Da ya farka, yara saba'in da huɗu suna kallonsa shiru, goshinsa fari fat, ya kuma rubuta Disamba.

A makon ne Madam Balkisa ta dawo daga wani horo na kwana uku da aka yi wa malamai a Filinge.

"Mushe, kawo salularka," in ji ta. "An koya muna wani abu, da Faransanci I-A ake ce mishi."

"Iya?"

"I-A. Basira ce ta na'ura. Ka rubuta tambaya, ta ba ka amsa kamar mutum. Darasi take shiryawa, da tambayoyin jarabawa."

"To, ai Iya ce ke nan," in ji Sahabi. Sunan kuwa ya zauna.

Diraktar Abdulgafar ya taɓe baki ya ce shi da ƙwaƙwalwarsa ya zama diraktar, ba da salula ba.

Matsala ɗaya ce: rezon salula ba ya kamawa ko'ina a ƙauyen sai a kan wani karyayyen amalanke da ke bayan lakkwal. Sahabi ya tattare riga ya hau. Da yake mutum ne mai tarbiyya, bai fara da tambaya ba. Ya rubuta mata ina kwana, ina gajiya, yaya zafi, yaya iyali. Ta amsa da ladabi, ta ce ita na'ura ce, ba ta da iyali.

"Allah sarki," in ji shi. "Madam, ashe marainiya ce."

Ya nemi ta shirya masa darasin gobe. Aikin da yakan cinye masa yammaci guda, ta gama shi kafin ya gama sosa ƙeya. Ya daɗe yana kallon salular. Sai ya yi ƙasa da kai ya rubuta abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba: shi fa ya gaji, gajiyar da ta kai ƙashi, yaya zai yi ya kai ƙarshen shekara?

Iya ta ce ya gwada iyo, ko ya riƙa yawo a bakin teku da yamma.

Sahabi ya ɗaga kai ya duba gabas da yamma. Rairayi ne, da aduwa guda, da jaki a tsaye yana tunani. Ya rubuta mata cewa nan Kurfai ne, rijiyarsu gaba ashirin ce, wanda ya shiga iyo ba ya dawowa. Nan take ta ba shi haƙuri, ta ce ta yi kuskure. Abin ya taɓa shi ƙwarai, don a shekara ashirin da biyu babu wanda ya taɓa ba shi haƙuri da sauri haka. Ta sake shawara: ya zauna a inuwa, ya rufe ido, ya ja numfashi yana ƙirga huɗu, ya riƙe, sannan ya saki a hankali.

Washegari da aka fita shan iska ya zauna a gindin aduwa ya fara. Akwai wata tsohuwa, Habsa, mai sayar wa yara ƙosai a ƙofar lakkwal. Ta hango Mushe ido rufe, ƙirji ya kumbura, leɓe na motsi, numfashi ya tsaya cik. Ta saka salati, ta sunkuci tulunta, ta juye masa shi kaf a ka.

Sahabi ya zabura zai yi faɗa, sai ya ji sanyi na bin bayansa har ƙugu. Rabonsa da jin daɗi irin wannan tun watan Maris.

"Inna Habsa," ya ce, "akwai saura?"

"Wa ya sa ka wanga aiki, ɗan nan?"

"Iya ce ta ce in yi."

"Iyarka da munka rufe shekara tara?"

"A'a, wata ce, a cikin salula take."

Kafin la'asar ƙauye ya ɗauka cewa Mushe yana hawa amalanke ya yi hira da mahaifiyarsa marigayiya. Wani dattijo mai suna Ibrah ya zo har lakkwal, ya cire takalmi, ya roƙi a tambayar masa ita, tunda tana can, inda marigayi wansa ya ajiye hauyarsa. Sahabi ya yi bayani har ya gaji, dattijon bai motsa ba. Dole Sahabi ya hau amalanke ya rubuta. Iya ta ce ba ta da hanyar sani, amma ya duba inda aka saba ajiye kayan noma. Ibrah ya je ya leƙa ƙarƙashin rumbu, ga hauya. Sai da Madam Balkisa ta kwana uku tana zagaya gidaje da salularta tana nuna wa mutane, kafin maganar ta lafa.

Abin da ya tayar da Sahabi da gaske a aji ya faru. Ya ce wa Iya yaransa sun ƙi jinin lissafin rabawa, ta tsara masa tambayoyi da abin da suka sani. Ta ba shi wannan: jaki yana tafiya kilomita biyar a awa guda, awa nawa zai yi kafin ya kai kasuwa mai nisan kilomita ashirin?

Ya karanta musu. Hannuwa suka tashi kamar an yi kiran abinci.

"Mushe, jakin wa?"

"Mi ya shafe ku da mai shi?"

"In na Buba ne, ba shi kaiwa. Wurin rijiya yake tsayawa."

Wata yarinya mai suna Nasiba ta ce, "Mushe, zuwa ne ko dawowa? Jaki in ya juyo gida gudu yake yi."

Aji ya kaure. Sahabi ya buɗe baki zai tsawata, sai ya fasa. Ya raba su gida uku: masu zuwa, masu dawowa, da masu jakin Buba, kowa ya kawo nasa lissafi. Suka duƙufa har aka buga ƙarfen tashi babu wanda ya ji. Shi kuwa yana zaune a bayan aji, ƙafa a miƙe, yana dariya har da hawaye. Daga ranar ya riƙa kawo musu tambayoyin Iya su gyara mata, su suna koyon rabawa, muryarsa tana hutawa. Kafin Mayu ya ƙare ya koma goge riga.

Ruwan farko ya sauka a Yuni, yara suka fara zamewa zuwa shuka, aka gaggauta jarabawa. Ranar rufe lakkwal iyaye suka taru a fili. Diraktar Abdulgafar, wanda aka hango kwana biyu kafin nan a kan amalanke yana cewa wai rufin aji yake dubawa, ya miƙe da takarda shafi huɗu. Jawabi ne mai daɗi, irin wanda ba a taɓa jin ya yi ba. Ya karanta shi tiryan-tiryan, rana na dukan mutane, bai tsallake ko harafi ba, har ya kai layin ƙarshe, ya ɗaga murya ya karanta shi da ƙarfi:

"Idan kana so, zan iya gajarta maka wannan jawabi."

Can daga baya wani tsoho ya gyara rawani ya ce, "Haba diraktar, da ka faɗi wanga tun farko."

Sahabi ya cusa hularsa a baki, Madam Balkisa ta shige bayan allo. Diraktar ya ninke takardarsa ya ce a yi addu'a. Da aka shafa, Sahabi ya ɗaure jakarsa a bayan babur ya nufi Filinge, don ƙasa ta jiƙe, gonarsa kuma ba a saka mata ko ƙwayar hatsi ba.