Igiyar da Ta Ƙi Guga

Shekara talatin da huɗu Baba Kari ya yi yana wanki da guga a shago ɗaya, kuma babu mahaluƙin da ya taɓa ganin wandonsa ba kari. Daga nan sunan ya bi shi. Mutum ne da ba ya ga maciji da duk abin da ya yamutse. In ka miƙa masa takarda a dunƙule, sai ya shimfiɗa ta a cinya ya lallashe ta da tafin hannu kafin ya karanta. Matarsa kan ce ko barci a miƙe yake yinsa, don kada zanin gado ya riƙe shi a zuciya.

Shagon ɗaki ɗaya ne manne da gidansa, ƙofa guda ta raba su. Akwai tebur mai bargo biyu a kai, da baho uku a baya, da dutsen guga na gawayi guda biyu. Akwai na wuta ma, amma don kwalliya aka ajiye shi, domin wutar unguwar ba ta san alƙawari ba.

Mai wanki na ƙwarai da laluben aljihu yake fara aiki, kuma Baba Kari ya ga duniya a aljihun mutane: makullai, biro, tsinken sakace, har da hoton da bai kamata matar gida ta gani ba. Komai yakan mayar wa mai shi, bai taɓa cin amanar ko allura ba. To da zamani ya juya, sai igiyoyin caji suka fara fitowa daga aljihu. Yana yi wa mai ita magana, sai ya ji an ce, “Bar ta kawai, Baba, ai na sayi wata.” Shi kuwa ba ya yar da kayan mutane. Kowace sai ya kafa mata ƙusa a bango ya rataye, har suka kai ashirin da bakwai.

Zama da su ne ya sa ya fara nazari, kuma nazarin Baba Kari ba ya tsayawa a rabin hanya. Ya lura duk a kanannaɗe suke zuwa. Sai ya yanke hukunci cewa abin da ke hana waya yin caji da wuri ke nan: wuta na tafe da gudunta, ta tarar da kwana, dole ta rage gudu, ta sake tarar da wata kwanar. Kafin ta isa waya ta galabaita. Magani kuwa a hannunsa yake.

Ta farko da ya ɗora wa dutsen guga narkewa ta yi, shagon ya kwana uku yana ƙauri. Bai karaya ba. Ya koma jiran dutsen ya huce, ya rufa wa igiya ƙyalle, ya bi ta a hankali daga kai zuwa gindi, sannan ya ɗaura mata tsohon kwaɗon ƙofa ya rataye don kada ta koma gidan jiya. Ya kuma gano cewa fara ta fi baƙa sauri saboda tsabta, siririya ta fi mai kauri saboda ba ta da teɓa.

Abin haushin shi ne mutane sun yarda. Mai aski ya kawo tasa, direban bas ya kawo, har malamar makarantar da ke koyar da kimiyya ta aiko da biyu a cikin kayan wanki. Baba Kari zai ɗaga igiya saitin ido, ya rufe ido ɗaya, ya ce, “Wannan raguwa ce, amma guga biyu za ta shiryu.” Babu wanda ya taɓa ƙaryata shi, domin babu wanda ya taɓa zama ya tsare waya da agogo. Kowa jonawa yake ya tafi harkarsa. Inda ba ƙasa, nan ake gardamar kokawa.

'Ya ɗaya gare su, ita ce ta fari ita ce auta, don haka Auta kowa ke kiranta. Aiki ya ɗauke mijinta zuwa wata ƙasa mai nisa, ta bi shi, shekara biyu ke nan. Baba Kari bai taɓa cewa yana kewarta ba, amma rigar makarantarta ta ƙarshe tana nan rataye a hanga, duk wata sai ya sake goge ta.

Ita ce ta aiko musu da sabuwar waya don su riƙa ganin juna. A cikin kwalin akwai kan caja baƙi mai nauyi, da igiya baƙa, gajera, mai kauri, a naɗe tamau. Sau uku Baba Kari yana goge ta, sau uku tana komawa ta lanƙwashe a gaban idonsa.

“Wannan ba ta da tarbiyya,” ya ce. “Maman Auta, kawar min da ita.”

Matar ta buɗe baki za ta yi magana, ta dubi fuskarsa, ta fasa. Ta ɗauki igiyar ta ɗaure labulen ɗaki da ita, kan cajar kuma ta jefa a kwanon da take ajiye zare da allura. Wayar aka haɗa ta da Sarauniya, wato farar igiya doguwa siririya wadda ta fi kowace miƙewa a bangon, da wani ɗan farin kai da ya fito daga aljihun wani.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata Talata da hantsi surukinsu ya kira: Auta ta sauka lafiya, an sami mace. Ya ce da ƙarfe huɗu za a bar shi ya shiga wurinsu na ɗan lokaci, zai kira ta bidiyo su ga jaririya. Ya ce, “Baba, a tabbatar akwai caji, don ba za su bar ni in daɗe ba.”

Baba Kari ya duba waya. Kashi biyu. Wuta kuwa tun jiya ba ta leƙo ba.

Ya zaga wurin mai aski, janaretansa na wurin gyara. Ya nemi direban bas ko zai jona masa a mota, ya yi nisa da gari. Ya dawo ya zauna gaban soket yana kallon ƙwan fitila, ga kayan mutane jibge, gawayi na ci a banza. Bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Jikarsa ta fari za ta zo har cikin tafin hannunsa, ta tarar da ƙofa a rufe.

Uku da rabi da minti biyar ƙwan ya kama. Ya zabura ya ciro Sarauniya daga ƙusarta, ya jona, ya riƙe ta da hannu biyu a miƙe don kada wuta ta sami uzuri. Minti biyar suka wuce, wayar ta ce kashi uku. Ya hura wa igiyar iska. Ya ɗaga gefen soket sama ya sauke wayar ƙasa, ko gangara za ta taimaka. Wayar ta tsaya a kan bakanta: uku.

“Gugar da na yi mata ce ba ta isa ba,” ya ce, zufa na karyo masa. Ya fizgo ta biyu, wadda ya yi wa guga huɗu. Wannan ko gaisawa da wayar ba ta yi ba.

Sai ya ji labulen ɗaki ya saki. Maman Auta ta fito, baƙar igiya a hannu ɗaya, baƙin kai a ɗayan, da guntun zare maƙale a jikinsa.

“Malam, matsa.”

“Wannan karkatacciyar? Kafin wuta ta gama shan kwana ai yarinyar ta yi haƙori!”

“Na ce ka matsa.”

Rabon da ta yi masa magana da wannan murya tun ranar da ya goge mata ɗankwalin roba. Ya matsa. Ta jona. Wayar ta yi ɗan ƙara irin wanda bai taɓa ji ba, alamar walƙiya ta fito biyu, rubutun ƙasa ya canza.

“Ka ga nan? Wayar da kanta take faɗi in caji mai sauri ne. Auta ta gaya min tun farko. Ta ce a duba bakin igiya, akwai lamba.” Ta kai masa saitin hanci. “Biyar da harafin A, wato ƙarfin wutar da take ɗauka. Taka Sarauniyar ko ɗigo babu. Kaurin nan da kake zagi, wayoyin ciki ne masu ƙwari. Kuma sai an haɗa ta da kan da ya iya, in ba haka ba aikin banza ne.”

“To me ya hana ki faɗa?”

“Ka taɓa tambaya?”

Ya mayar da idonsa kan lambar cajin wayar. Tara. Goma sha huɗu. Ashirin. Igiyar na kwance a tebur a murɗe, ko kunya ba ta ji. Hannunsa ya kai zai miƙar da ita, matar ta buge hannun. Huɗu saura minti uku aka ɗauke wuta, wayar na da kashi ashirin da takwas.

Huɗu da minti biyu ta yi ƙara. Fuskar Auta ta cika allon, a gajiye, tana dariya tana hawaye. “Baba! Mama! Ku tsaya ku ga baƙuwarku.” Aka juya wayar.

Baba Kari ya ƙura ido. A rayuwarsa bai taɓa ganin abin da ya yamutse kamar wannan ba. Goshi a tattare, wuya ninki-ninki, kunne ɗaya a lanƙwashe, 'yan yatsu a dunƙule kamar kayan da suka kwana a baho. Babban yatsansa ya tashi da kansa, ya fara shafa gilashin daga sama zuwa ƙasa.

“Malam,” in ji Maman Auta, “kada ka ce za ka goge ta.”

Auta ta fashe da dariya har ta riƙe ciki. Shi kuwa ya janye yatsansa daga gilashin. Hawaye ya gangaro ya ɗiga a kan wandonsa, daidai kan karin, bai ko duba ba.

“A'a,” ya ce da ƙyar. “Kada wanda ya taɓa ta. A bar min ita haka.”